Kama rediyo ta tauraron ɗan'adam a tsibirai masu nisa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin mutanen da aiki ko zama ya kai su tsibiran da ke can tsakiyar teku, kamar ma'aikatan lafiya, malaman makaranta, ma'aikatan jiragen ruwa da masu kula da ƙananan gidajen rediyo. An fara da masu sauƙi kafin a shiga na fasaha, kuma inda wata amsa ta dogara da wata an nuna hakan.

Me ake nufi da rediyon tauraron ɗan'adam?

Sunan ya haɗa abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa su. Na farko shi ne hidimar da aka ƙirƙira musamman domin mai sauraro, inda tauraro ke aiko da sauti kai tsaye zuwa ƙaramin akwati mai eriyar da ba ta wuce tafin hannu ba, ko a mota ko a ɗaki. Irin wannan ne kamfanin SiriusXM ke gudanarwa a Amurka da Kanada, kuma irinsa ne WorldSpace ya taɓa yi a Afirka da Asiya. Na biyu shi ne tashoshin rediyon da ke tafiya tare da tashoshin talabijin a kan taurarin sadarwa na yau da kullum, waɗanda ake kamawa da dish da risiba. Duk wanda ya taɓa danna maɓallin rediyo a rimot ɗin risibarsa ya ga jerin tashoshi masu murya babu hoto, to ya san wannan nau'in.

A tsibirai masu nisa nau'i na biyu ne ke aiki a zahiri, shi ya sa yawancin amsoshin nan suka karkata gare shi.

Tunda tauraron yana can sama, me ya sa ba a kama shi a ko'ina?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suka rataya a kanta. Taurarin watsa shirye-shirye suna zaune ne a nisan kilomita 35,786 daidai saman layin ikweta, inda tafiyarsu ta yi daidai da juyawar duniya, don haka mai kallo daga ƙasa yake ganin kamar a tsaye suke wuri guda. Daga can tauraro ɗaya yana hango fiye da kashi ɗaya cikin uku na doron ƙasa. Amma hangen wuri daban, haska shi daban. Ƙarfin wutar da tauraro ke samu daga hasken rana ƙalilan ne, saboda haka masu shi ba sa watsar da shi a banza. Suna tattara shi ne kamar yadda mai tocila ke haska inda yake son gani, su nufi ƙasashen da ke da jama'a da masu talla da masu biyan kuɗin wata. Teku ba ta biyan kuɗin wata. Tsibirin da mutanensa ba su wuce ɗari biyu ko dubu huɗu ba yakan faɗa a bakin hasken, ko ma a wajensa gaba ɗaya, alhali tauraron yana bisa kansa tsaf.

Kowane tauraro yana da taswirar da ke nuna yankin da kowace haskawarsa ta rufe, da layuka masu zagaye da aka rubuta wa lambobi da ma'aunin ƙarfin sigina da ake kira dBW. Lambar takan yi girma a tsakiya ta yi ta raguwa zuwa gefe, kuma duk raguwar 6 tana nufin sai an ninka faɗin dish sau biyu kafin a samu abin da aka rasa. Akwai haskawa mai faɗi da ke rufe duk abin da tauraron ke hange har da tekuna, sai dai mai rauni ce ƙwarai, akwai mai rufe rabin wannan, akwai kuma ƙanana masu ƙarfi da aka yi wa ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya. Kafin a kashe ko sisi a kan kaya, a fara duba wannan taswira a nemo tsibirin a cikinta. Mafi yawan asarar da ake tafkawa a wannan harka daga tsallake wannan mataki take tasowa.

Ina da akwatin SiriusXM da na saya a Amurka. Zai yi aiki idan na tafi da shi wani tsibiri?

Ya danganta da kusancin tsibirin da babban yankin Amurka ta Arewa, kuma ga mafi yawan tsibiran duniya amsar ita ce a'a. Kamfanin XM ya fara aiki a 2001, kamfanin Sirius a 2002, suka haɗe suka zama kamfani ɗaya a 2008, kuma suna watsawa a wani yanki na igiyar rediyo da ake kira zangon S, tsakanin megahaz 2320 da 2345. Haskawar taurarinsu an yanka ta ne daidai da Amurka da Kanada, sai ɗan abin da ya malala kan tekun da ke gefe da kuma tsibiran Karibiyan na kusa. Hawai ma, wadda jiha ce ta Amurka, tana wajen wannan haske saboda nisanta a cikin Fasifik. A Tekun Indiya, kudancin Atlantika ko kudancin Fasifik kuwa akwatin ba zai ji komai ba, ko da an ɗaura masa babbar eriya, domin a wurare da yawa taurarin ma suna ƙarƙashin sararin da ido ke iya gani.

Wanda ke bakin hasken zai lura cewa sautin yana zuwa yana yankewa. A biranen Amurka kamfanin yana da na'urorin ƙara ƙarfi a ƙasa masu cike giɓin da dogayen gine-gine ke haifarwa, a mafi yawan tsibirai kuwa babu su, don haka bishiyar kwakwa ɗaya da ta shiga tsakanin eriya da tauraro ta isa ta katse shiri.

Ina labarin WorldSpace? Tsohon akwatinsa yana da sauran amfani?

WorldSpace shi ne yunƙuri mafi girma da aka yi na kai rediyon tauraro ga ƙasashe masu tasowa. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin a 1990. An harba tauraron AfriStar a Oktoban 1998 aka ajiye shi a digiri 21 gabas, sai AsiaStar a Maris na 2000 a digiri 105 gabas, dukansu suna watsawa a zangon L, kusa da megahaz 1,500, wanda ruwan sama ba ya damunsa. Kamfanonin Hitachi, JVC, Panasonic da Sanyo ne suka ƙera akwatunan farko. Eriyar 'yar faifai ce da ake ɗorawa a taga a karkata ta wajen tauraron, babu dish babu ma'aikacin saiti, kuma ga mazauna tsibiran da suka faɗa cikin hasken wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Har ila yau an yi amfani da hanyar wajen aika bayanan yanayi ga ƙauyuka a ƙarƙashin shirin RANET, wanda cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da ke Yamai ta taka rawa wajen kafa shi, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Asiya da tsibiran Fasifik.

Kasuwa ce ta kayar da kamfanin. Akwatunan sun yi wa talaka tsada, kuɗin wata da aka ɗora daga baya ya ƙara korar mutane, gidajen FM masu zaman kansu kuma suka yawaita a daidai lokacin. Kamfanin ya bayyana karyewarsa a Oktoban 2008, hidimarsa a Indiya, inda ya fi samun masu biya, ta tsaya a ƙarshen 2009. A yau ɓangaren tauraro na waɗannan akwatuna ba ya kama komai. Wasu samfuran dai suna ɗauke da FM da gajeren zango, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada a jefar da su, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi lokacin bala'i.

To ta yaya mazauna tsibirai irin su Saint Helena ke sauraron tashoshin waje?

Ta hanyar raba aikin gida biyu. Babban dish ɗaya da hukuma ko gidan rediyon tsibirin ya kafa yana karɓo shirin daga tauraro, sannan a sake watsa shi a FM, kowa ya kama da ƙaramin rediyonsa mai batir. Haka ake jin Sashen Duniya na BBC a Saint Helena, tsibirin da ke nesa da gaɓar Afirka da kusan kilomita 1,900, mai mutane dubu huɗu da 'yan kai. Haka BFBS, kafar da ke yi wa sojojin Birtaniya hidima, ke kai shirye-shiryenta tsibiran Falkland da Ascension da ke kudancin Atlantika. A Fasifik ma Rediyon Ostireliya yana da tashoshin FM a birane irin su Suva, Honiara da Port Vila, waɗanda tauraro ke ciyar da su dare da rana. Mai sauraro a waɗannan wurare yana jin rediyon tauraro kullum ba tare da ya taɓa ganin risiba ba.

Akwai kuma tsibiran da aikin ya juya a kansu, wato su ne ke karɓa daga tauraro su watsa wa nahiya. A Ascension BBC ta buɗe tashar gajeren zango a 1966, kuma daga wannan ɗan dutse da ke tsakiyar Atlantika aka daɗe ana harbo shirye-shiryen Sashen Hausa zuwa Afirka ta Yamma. Muryar Amurka ita ma ta shafe shekaru tana watso nata shirin Hausa daga tsibirin Sao Tome. Ke nan muryar da manomi ya saba ji da asuba a Katsina ko Maraɗi takan tashi daga ɗakin shiri ta hau tauraro, ta sauka a tsibiri, sannan ta tsallako teku ta shigo akwatinsa.

Waɗanne kaya mutum ɗaya ke bukata idan yana son ya kama da kansa?

Dish mai girman da taswirar haskawa ta nuna, da LNB na zangon da ya dace, wato na'urar da ke gaban dish mai tattara sigina, da waya mai kyau, da risibar tashoshin kyauta mai karɓar tsarin siginar dijital na tauraro da ake kira DVB-S2, da lasifika ko ƙaramar amfilifaya da za a jona a bayan risibar. Talabijin ana bukatarsa ne lokacin saiti kawai, ko ma ƙaramin allo na aro. Da zarar an ajiye tashoshin, lambar da ke fuskar risibar ta wadatar. A tabbatar tashar da ake so a buɗe take, domin wasu kafofin suna kulle abin da suke aika wa abokan hulɗarsu, kuma babu girman dish da zai buɗe kulle.

Zangon C ko zangon Ku, wanne ya fi dacewa, kuma wane girman dish?

Zangon Ku, wanda ke saukowa tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, shi ne na ƙananan dish ɗin da aka saba gani a kan rufin gidaje, masu faɗin santimita 60 zuwa 90. Ƙarfinsa ya zo ne daga matse haskensa a kan yanki ƙarami, kuma wannan matsewar ce ke barin tsibirai a waje. Zangon C, mai saukowa tsakanin gigahaz 3.7 da 4.2, yana da haske mai faɗi da ke ratsa tekuna, ruwan sama kuma bai cika taɓa shi ba, amma yana neman dish na mita 1.8 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka a bakin haske. Shi ya sa manyan kafofi ke aika wa tsibiran Fasifik shirye-shiryensu ta zangon C a kan taurari irin Intelsat 18 da ke digiri 180.

Shawarar da ta fi ita ce a sayi dish da ya ɗara abin da taswira ta ce da mataki ɗaya, domin lambobin taswira na rana mai kyau ne da kaya sababbi. Sai dai girma yana da nasa haraji: babban dish ya fi wuyar saiti, ya fi kama iska, kuma kuɗin ɗaukarsa a jirgin ruwa kan kai kuɗin sayensa. A kula kuma cewa taurari da yawa na zangon C suna aiko da sigina mai murɗawa kamar igiya, wanda sai an saka wani ɗan faifai a cikin bakin LNB kafin a kama shi da cikakken ƙarfi. Faifan yakan zo a cikin kwali, mutane kuma kan ɗauka tarkace ne su yar.

Wace fuska dish zai kalla?

Kullum wajen ikweta. Wanda ke arewa da layin zai fuskanci kudu, wanda ke kudu da shi zai fuskanci arewa, sannan a karkata gabas ko yamma gwargwadon matsayin tauraron. Tsayin ɗagawar kuma yana raguwa yayin da ake nisantar ikweta. Idan tauraron yana daidai saitin tsibirin, a Ascension dish zai ɗaga kusan digiri 80, kamar kwanon da aka ajiye don tarar ruwan sama, a Saint Helena kusan 71, a Tristan da Cunha da ke kudu da Saint Helena 47, a Falkland kusan 31, a Svalbard da ke can arewacin Norway kuwa digiri 3 kacal, ta yadda kowane tudu zai tare shi. Bayan digiri 81 na arewa ko kudu waɗannan taurari ba sa ganuwa sam.

Yawancin tsibiran tsakiyar teku duwatsun aman wuta ne, don haka gefen da gari yake yana da muhimmanci. Mutanen Tristan da Cunha sun yi dace: ƙauyensu ɗaya tilo yana gaɓar arewa, dutsen mai tsayin mita 2,062 yana bayansu ta kudu, sararin da taurarin suke kuma a buɗe yake a kan teku. Wanda gidansa ke cikin kwari ko a bayan dutse sai ya auna. A ɗagawar digiri 30, abin da ya fi dish tsayi da mita 10 dole ya kasance nesa da aƙalla mita 17. Kamfas ma ba abin dogaro ba ne sosai a nan, saboda duwatsun suna jan allurarsa, kuma a wurare da yawa na kudancin Atlantika bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya ya haura digiri 10.

Risiba tana nuna sigina mai ƙarfi amma babu sauti. Mene ne matsalar?

A shafin saiti akwai sanduna biyu, ɗaya na ƙarfi ɗaya na inganci. Na ƙarfi yakan cika da zarar LNB ya samu wuta, ko da dish ɗin bango yake kallo, saboda haka ba ya nuna an samu tauraro. Na inganci shi ne abin lura. Idan yana sifiri, ko dai saitin bai hau ba, ko an hau wani tauraro na maƙwabta, ko kuma lambobin da aka shigar ba daidai ba ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin lambar LNB a kan 9750 da 10600 na zangon Ku alhali na zangon C aka ɗaura, wanda lambarsa 5150 ce.

Saitin kansa aikin haƙuri ne. Dish na mita 1.8 a zangon Ku yana ganin abin da bai wuce digiri ɗaya na sama ba, sigina kuma tana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku kafin ta bayyana a allo, don haka mai gaggawa yakan wuce tauraron sau goma bai sani ba. A sassauta notin kaɗan yadda dish zai motsa da ƙyar, a ja layi da fensir a kan sandar, a matsa da kaurin layin, a tsaya a ƙirga uku, a sake matsawa. In da hali a fito da risiba da allon gindin dish ɗin, ya fi a sa yaro a taga yana ihun lamba. Bayan an samu, a murɗa LNB a hankali cikin maƙallinsa har sandar inganci ta kai ƙarshen hawanta, sannan a ɗaure notocin bi da bi ana kallon allo, domin ɗaure ɗaya tamau kafin sauran yakan janye dish daga saiti.

Me ya sa sauti ke ɗaukewa lokacin ruwan sama, wani lokaci ma rana tsaka babu ko gajimare?

Ɗigon ruwa yana shanye siginar zangon Ku, kuma ruwan tsibiran yankin zafi mai nauyi ne. Rediyon dijital ba ya raguwa sannu a hankali da shashshaka irin ta gajeren zango. Yana nan garau, sai ya fara tsinkewa, sai ya yi tsit. Idan ɗagawar dish ƙasa-ƙasa take, siginar tana yin doguwar tafiya a cikin ruwan, matsalar ta ƙaru. Maganin shi ne ƙarin girman da aka ambata a amsar zangon C da Ku.

Ɗaukewar rana tsaka kuwa tana faruwa ne sau biyu a shekara, a kusa da lokacin da dare da rana ke daidaita a Maris da Satumba, sa'ad da rana ke bi ta daidai bayan tauraron, ƙararta ta danne siginar na 'yan mintoci a kullum har tsawon wasu kwanaki. Arewa da ikweta abin kan zo a farkon Maris da farkon Oktoba, kudu da shi a farkon Afrilu da farkon Satumba. Kada a taɓa dish, zai dawo da kansa. Idan kuma yankewar zangon C tana zuwa a kai a kai duk bayan 'yan daƙiƙu, musamman in akwai jirgi a tashar ruwa, to na'urar rada ce ke shigowa, kuma akwai matatar da ake sakawa a gaban LNB domin haka.

Yaya ake kare kaya daga gishirin teku da guguwa?

A ƙaramin tsibiri babu inda iskar gishiri ba ta kaiwa. Dish ɗin ƙarfe mai arha da zai yi shekara goma a Sahel yana iya hujewa a nan cikin damina biyu. An fi son na alminiyom ko na faiba, da notoci marasa tsatsa, a shafa giris a inda ƙarafa iri biyu suka haɗu, domin a nan ci ke farawa. Amma abin da ya fi kashe sigina ƙarami ne: kan wayar da ke shiga LNB. Wanda ya kwance shi bayan wata shida zai iske jan ƙarfen tsakiya ya yi kore, ragar da ke kewaye ta koma gari fari-fari, in ya yanke wayar kuma ya ga danshi ya bi ciki kamu biyu ko uku. Sai a yanke har inda ƙarfen ke sheƙi, a sa sabon kai, a naɗe da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, ba salatif na wutar gida ba, sannan a bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Wanke dish da ruwan daɗi lokaci-lokaci yana ƙara masa kwana.

Game da iska, ƙarfin da take dukan dish da shi yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu, haka ma idan faɗin dish ya ninku biyu. Saboda haka babban dish a ƙasa ake kafa shi, a kan sandar da aka binne da kankare, a gefen ginin da ke kare shi, ba a kan rufi ba. Dish mai raga ya fi barin iska ta wuce a ranakun yau da kullum, amma a guguwa mai ƙarfi bambancin kaɗan ne. In an yi gargaɗin guguwa, a yi wa saitin alama da fenti, a sauke farantin a kwantar da shi.

Wutar sola za ta iya riƙe wannan kaya?

Ƙwarai kuwa. Risiba da LNB tare ba su cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. In an ɗauki wat 12 na awa shida, an ci wat-awa 72 a rana, wato amfiya-awa 6 daga batir mai bolt 12, abin da faifan sola na wat 50 zai mayar cikin sauƙi. A nemi risibar da ke aiki da bolt 12 kai tsaye don a huta da inbata, wadda ke cin nata rabon ko ba a kunna komai ba. Talabijin ne mai shan wuta, kuma an riga an faɗa cewa ba a bukatarsa bayan saiti.

Za mu iya sake watsa abin da muka kama a FM domin sauran jama'ar tsibirin?

Ta fuskar fasaha abu ne mai sauƙi: a ɗauki sauti daga bayan risiba a shigar da shi ƙaramar na'urar watsawa. FM yana tafiya ne iya inda eriya ke hange, don haka tsayi ya fi yawan wat muhimmanci. Eriyar da ke mita 100 sama da teku tana kaiwa kusan kilomita 40 a kan ruwa, wanda ya isa ya riski masunta a kwale-kwalensu, amma ƙauyen da ke bayan dutse kilomita uku kacal ba zai ji ba sai an kafa masa ƙaramar tashar miƙawa.

Ta fuskar doka kuwa izini biyu ake bukata, na hukumar sadarwar ƙasar da ke mulkin tsibirin domin zangon da za a hau, da na kafar da ta mallaki shirin. Kasancewar tasha a buɗe a tauraro bai ba kowa damar sake watsa ta ba. Manyan kafofin duniya suna da sassan hulɗa da gidajen rediyon da ke ɗaukar shirinsu, kuma galibi suna maraba da irin wannan bukata.

Yanzu da intanet na tauraro ya iso, ba sai a saurara ta waya kawai ba?

Lamarin ya sauya sosai cikin 'yan shekarun nan. Taurarin intanet na Starlink da ke yawo a nisan kusan kilomita 550 suna ratsa saman teku kamar yadda suke ratsa saman birni, don haka matsalar haskawa da aka yi bayani a farko ba ta shafe su haka ba, muddin hukumar wurin ta ba da lasisi. Saint Helena, wadda ta daɗe tana rataye da dish ɗaya domin duk sadarwarta, ta samu reshen wayar ƙarƙashin teku ta Equiano, wadda ta fara yi mata aiki a 2023. Ga mai neman wata tasha ta musamman, misali gidan rediyon garinsu, intanet ce kaɗai hanya.

Sai dai lissafin ya bambanta. Sauraro a kilobit 64 yana cin kusan megabait 29 a awa, wato sama da gigabait 5 a wata ga mai awa shida kullum, kuma kowane mai sauraro da nasa cin. Dish ɗaya da tashar FM ɗaya kuwa suna ciyar da mutum goma ko dubu goma a kan kuɗi ɗaya, babu na wata. Ga makaranta, asibiti ko ƙauye, tsohuwar hanyar ce har yanzu ta fi araha.

A lokacin bala'i, wanne za a dogara da shi?

Ba a dogara da ɗaya. A ranar 15 ga Janairun 2022 dutsen Hunga Tonga ya yi aman wuta ya tsinke wayar ƙarƙashin teku ta Tonga, aka shafe kimanin mako biyar kafin a gyara ta, toka kuma ta lulluɓe dish da faifan sola. Guguwar Pam da ta afka wa Vanuatu a Maris na 2015 ta katse sadarwa da tsibirai da dama na kwanaki. Dish da turken FM su ne farkon abin da guguwa ke kayarwa, gajeren zango kuwa yana tahowa daga nisan dubban kilomita ya shiga akwati mai batir biyu. Wannan ne ya sa aka yi ta sukar Rediyon Ostireliya lokacin da ya rufe gajeren zangonsa a ƙarshen Janairun 2017, kuma sukar tana da hujja. RNZ Pacific na ƙasar New Zealand ya ci gaba da nasa, yana kuma watsa gargaɗin guguwa ga yankin. Duk gidan da ke da dish ya kamata ya ajiye ƙaramin rediyon gajeren zango a cikin leda, batiransa a waje don kada su zube a ciki.

Tsibiran Tafkin Chadi fa, su ma haka abin yake?

A'a. Masuntan da ke zaune a tsibiran tafkin, ciki har da Hausawa da yawa, suna tsakiyar nahiya ne, ƙarƙashin hasken taurarin da ke yi wa Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru hidima, don haka dish ɗin da ke aiki a Maiduguri ko Diffa zai yi aiki a can. Gishirin teku ma babu. Abin da ya shafe su a nan shi ne amsar wutar sola da ta saiti.

Za a iya kamawa a cikin jirgin ruwa, kuma waɗanne kayan gyara ya kamata a tafi da su?

Dish na gida ba ya aiki a jirgi, ko da an jefa anka, saboda tangaɗi kaɗan ya isa ya kauce wa digiri ɗaya ko biyun da yake gani. Manyan jirage suna amfani da dish mai injin da ke bin tauraro da kansa a cikin farin ƙoƙo, mai tsada ƙwarai, kuma shi ma yana yin shiru da zarar jirgin ya fita daga hasken. Gargaɗin yanayi na masu jirage ba ta nan yake bi ba, yana da nasa hanyoyin ta taurarin kamfanonin Inmarsat da Iridium da kuma NAVTEX, wato saƙon rubutu da ake aika wa jirage ta rediyo a kilohaz 518.

Game da kayan gyara, a tuna cewa Tristan da Cunha ba ta da filin jirgin sama, jirgin ruwa daga Cape Town yana ɗaukar kusan kwana shida, kuma 'yan lokuta yake zuwa a shekara. A wuri irin wannan LNB ɗaya da tsawa ta ƙone yana nufin watanni babu rediyo. A tafi da LNB biyu na ajiya, da risiba ta biyu da aka riga aka shigar mata da tashoshin, da adaftar wutarta, da ƙullin waya da kawunanta akalla ashirin, da tef ɗin da aka ambata, da fiyus. A rubuta lambobin tashoshi da na saitin dish a takarda a liƙa a cikin murfin akwatin kayan, domin wanda ya kafa dish ɗin sau da yawa yakan gama wa'adinsa ya bar tsibirin kafin ranar da za a bukace su.